Kundin Horar da Duna: Daga Taɓa Hannu Zuwa Kwashe Kayan Wasa

4 ga Janairu, 2025

Burina kafin karena Duna ya cika shekara shi ne in ce masa "kwashe", ya bi kayan wasansa da ke warwatse a ƙasa, ya ɗauko su ɗaya bayan ɗaya ya zuba a kwando. Watansa shida yanzu, baƙi ne wuluk, barbarar yanyawa, kuma iliminsa duka bai wuce sanin sunansa da sanin ƙarar kwanon abincinsa ba. Sharaɗin aikin: ba duka, ba tsawa, ba fizgar igiya, ba danna masa ƙugu ƙasa da hannu. In ya yi abin da ake so, a biya shi nan take. In bai yi ba, babu biya, kuma babu abin da zai same shi.

Tushen wannan hanya ya daɗe. A 1898 Edward Thorndike a Amurka ya wallafa abin da ya gani da ya riƙa rufe kyanwoyi masu jin yunwa a akwati mai sakata, abinci na waje. Da farko kyanwa kan yi ta yaƙushi da kai-kawo har ta dace ta taɓa sakatar, ƙofa ta buɗe. Da aka yi ta maimaitawa sai lokacin fitarta ya riƙa raguwa. Abin da ya fitar shi ne, duk aikin da ya jawo wa dabba abin daɗi za ta ƙara yin sa. B.F. Skinner ya ɗora a kai da ɓeraye, daga baya da tattabaru, tun daga shekarun 1930.

Yau ban koya masa wasa ko ɗaya ba. Kalma guda na ba wa daraja: "yauwa". Dalili kuwa, kare ba ya tsayawa wuri ɗaya. Daga lokacin da ya yi daidai zuwa lokacin da na zura hannu a aljihu na ciro nama na kai bakinsa, ya riga ya miƙe, ya waiwaya, ya sosa kunne. To wanne aka biya? A wurinsa na ƙarshen ne. Shi ya sa ake buƙatar gajeren sauti da zai faɗo daidai kan aikin, ya shaida masa cewa wannan ne, ladansa na tafe. Wasu na amfani da kilika, 'yar na'urar nan da ake latsawa ta ce ƙas. Skinner ma ya ba da shawarar amfani da abin wasan yara mai irin wannan ƙara a maƙalar da ya rubuta wa mujallar Scientific American a 1951. Ni dai na zaɓi baki, domin ba a mantawa da shi a ɗaki, kuma hannuwana biyu suna da aiki.

In ce "yauwa", in ɗan dakata, sannan hannu ya motsa ya ba da naman. Ba a haɗa su lokaci guda, in ba haka ba hankalinsa zai koma kan hannu ya bar sautin. Abin da Ivan Pavlov ya gani ke nan a karnukansa a Rasha: sautin da kullum yake gabatar abinci, shi kaɗai ma yakan sa miyau zuba. Da yamma na jira har ya shagala da kallon wani waje, na ce "yauwa". Firgigit ya juyo.

Tukuicin dafaffen nama ne mai laushi, ba gishiri, an yanka shi girman ƙwayar wake, yadda zai haɗiye ba sai ya tsaya tauna ba. Likitocin dabbobi na cewa kada irin wannan ƙwalama ta wuce kashi 10 cikin 100 na abin da kare ke ci a rana, don haka nake rage abincin darensa, wani lokacin ma da abincin nasa nake biyansa. Na kuma ja kunnen kowa a gidan kan abubuwan da ba a ba kare ko da wasa: cakulan, inabi ɗanye ko busasshe, albasa, tafarnuwa, da cingam mai sinadarin zailitol.

9 ga Janairu

Taɓa hannu. Na buɗe tafina dab da hancinsa. Kare ba ya ganin hannu a gabansa ya ƙi shinshinawa, da hancin ya taɓa na ce "yauwa", na biya da ɗaya hannun. Hannun da ake taɓawa babu komai a cikinsa. Bayan 'yan zagaye sai ya tsaya, ya dubi tafin, ya dube ni, sannan ya dungure shi da hanci da ƙarfi, ya ɗago yana jiran abin da zan ce. Shinshinawar farko ɗabi'arsa ce, wannan kuwa da gangan ya yi. Daga nan na fara matsar da hannun: hagu, dama, ƙasa, sama kaɗan, sannan nisan taku guda.

Zama ɗaya ba ya wuce minti biyu zuwa uku. Ina tashi tun yana marmari.

15 ga Janairu

Zama. Nama tsakanin yatsu a saitin hancinsa, a ɗaga sannu a kai baya ta saman kansa. Kai ya bi sama, ƙugu ya sauka da kansa. "Yauwa" na faɗowa a daidai lokacin da ƙugun ya taɓa ƙasa, ba bayan ya zauna yana kallona ba. In hannu ya yi sama da yawa, tsalle zai yi a maimakon zama.

Wannan dabara ta jan hanci da abinci tana da sauri, amma akwai tarko a cikinta. Karen da aka daɗe ana jansa da nama a hannu zai ɗauka ganin naman shi ne umarnin, ran da babu nama babu zama. Saboda haka tun a zaman farko na koma hannu wofi: motsi iri ɗaya, yatsu a haɗe, ya zauna, "yauwa", in buɗe hannun ya ga ba komai, biya ya fito daga aljihu. Abin da aka nuna kafin aiki cin hanci ne. Lada bayan aiki yake fitowa.

Har yau ban furta "zauna" ba. Mutane da yawa da kalmar suke farawa, su yi ta "zauna, zauna, zauna" a kan karen da bai san abin da ake nufi ba, har ta zama surutu kawai a kunnensa. Sai aikin ya zauna daram, na tabbatar zai yi in na motsa hannu, sannan a laƙa masa suna.

22 ga Janairu

Juyi, wato ya bi hannu ya zagaya a wuri ɗaya, ta dama ya samu ba wahala. Ta hagu kuwa yana kaiwa rabi sai ya warware ya dawo, don haka na datsa da'irar: kwata a biya, rabi a biya. An sa wa zama suna. Kwanciya ma ta samu, ta hanyar sauke hannu daga hanci zuwa ƙasa tsakanin ƙafafunsa na gaba, sannan a ja shi waje kaɗan.

2 ga Fabrairu

Na tsaya ƙyam, hannu a baya, na ce "kwanta". Ya kalle ni yana kaɗa wutsiya, ko gezau. Na yi shiru na nuna ƙasa da yatsa, kafin in janye hannu ya kwanta. Ashe da ido yake aiki, kunne na hutawa.

Karnuka gwanaye ne wajen karanta jikin mutum. Binciken da Brian Hare da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Science a 2002 ya nuna cewa wajen gano ɓoyayyen abinci ta bin inda mutum ya nuna ko ya kalla, karnuka sun fi birai nau'in cimfanzi, sun fi kyarketan da mutane suka rena, kuma 'yan kwikwiyo ma suna iyawa. To in kalma da motsin hannu suka zo tare, hannun ne ke danne kalmar. Maganin shi ne kalma tukuna, jiki a sandare, a ƙirga daƙiƙa ɗaya a zuci, sannan alamar hannu. Tunda kalmar kullum tana gaba, shi kuma yana gaggawar kaiwa ga nama, da kansa zai fara riga hannun. Sandarewar ce ta fi wuya. Kai na son sunkuyawa, gira na son ɗagawa, kafaɗa na son karkata, kuma babu wanda yake wuce masa.

Umarni sau ɗaya ake faɗa. In bai yi ba a taimaka da hannu. Karen da aka saba ce wa "kwanta" sau uku, jiran ta ukun zai koya.

10 ga Fabrairu

Mun fita waje da darasin, sai Duna mai zama da kwanciya da juyi ya koma bai san komai ba. Hanci a ƙasa, kunne a wani wajen. Hancin kare na da ƙwayoyin jin ƙamshi sama da miliyan 100, na mutum kusan miliyan 6, don haka wurin da ni nake gani fayau, shi cike yake da labarai.

Ba taurin kai ba ne. Abin da ya koya ba "zauna" zalla ba ne, ya koyi zama a wannan ɗakin, a kan wannan shimfiɗar, mutumin yana tsaye a gabansa. Da an sauya wuri an sauya tambaya. Dole kowane wasa a sake koyar da shi daga farko a wurare daban-daban, ina tsaye, ina zaune, na ba shi baya, kuma kowane sabon wuri yana ɗaukar lokaci ƙasa da na bayansa. Abubuwa uku ne ke ƙara wa aiki nauyi: nisan da ke tsakaninmu, daɗewar da ake so ya yi, da abin da ke ɗauke masa hankali. Ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda, sauran biyun a sassauta su. Biyan ma ya sauya. A ɗaki abincinsa na kullum ya isa, a waje sai hanta.

19 ga Fabrairu

Yau ce ranar da ta fi kowace daɗi tun da muka fara. Na ajiye kwali wofi a tsakar ɗaki, na zauna na yi shiru. Ba umarni, ba jan hanci, ba nuni. Ya kalli kwalin: "yauwa". Na jefa naman gefe domin ya tashi ya sake dawowa. Ya ƙara kallo, na biya. Daga nan na daina biyan kallo. Ya tsaya, ya dube ni, ya zauna, ya kwanta, ya yi juyi, wato ya zazzage duk abin da ya san yana kawo nama. Ban ce uffan ba. Can sai ya taka taku ɗaya wajen kwalin: "yauwa". Taku biyu. Shinshinawa. Kafin mu tashi ya sa ƙafar gaba a ciki.

Wannan shi ne gina aiki daki-daki, a biya abin da ya yi kama da wanda ake so, sannan a riƙa ɗaga ma'auni kaɗan-kaɗan. Da shi Skinner ya koya wa tattabaru abubuwan da ba wanda zai iya nuna musu da hannu. Karen Pryor, wadda ta yaɗa amfani da kilika tsakanin masu karnuka, a kan dabbar ruwan nan dolfin ta koyi sana'ar a Hawayi cikin shekarun 1960. Dolfin ba a sa masa igiya, ba a danna shi, in ya ga dama ya nutse ya bar ka a bakin ruwa. Abin da ya rage maka shi ne usur da bokitin kifi da iya lura da lokaci.

Gwanintar tana wajen ɗaga ma'aunin. In an daɗe a mataki ɗaya, kare zai ɗauka nan ne ƙarshe ya kafe. In an yi tsalle da yawa, biya ya yi nisa, ya gaji ya tafi. Ma'aunina shi ne in yana cin nasara a mafi yawan gwaji, a ci gaba. In ya faɗi sau biyu a jere, a koma baya taku guda. Nama kuma ya riƙa fita akai-akai, kowane 'yan daƙiƙoƙi, domin sabon ɗalibi ba ya jure dogon shiru.

Abin da na fi so ba ƙafar da ya sa a kwali ba ce. Tsayawar nan ce da ya yi yana tunani, sannan ya gwada wani abu da ba wanda ya ce ya yi. Wasan kwando ba zai yiwu ba sai da kare mai irin wannan ƙarfin halin.

24 ga Fabrairu

Ƙanena ya zo ya zauna yana kallonmu, can ya ce, "Yaya, wannan ai lallashi ne. Kare in bai san kai ne babba ba, wata rana kanka zai hau."

Maganar tana da tarihi. A 1947 Rudolf Schenkel ya wallafa nazarin da ya yi kan kyarketai a gidan namun daji na Basel a Siwizalan, inda aka tara waɗanda ba dangin juna ba a wuri ɗaya, suka yi ta faɗan neman girma. Daga nan batun shugaban garke mai mulki da ƙarfi ya bazu, aka ɗauko shi aka ɗora wa karnukan gida. David Mech, wanda ya taimaka wajen yaɗa wannan fahimta a 1970, shi ne kuma ya dawo ya gyara ta a 1999 bayan ya shafe shekaru yana lura da kyarketan daji a tsibirin Ellesmere na Kanada: garken iyali ne, uwa da uba da 'ya'yansu. A 2021 ƙungiyar likitocin dabbobi masu nazarin halayya ta Amurka, AVSAB, ta fitar da matsayarta cewa hanyar lada ita ce ta dace a duk horon kare.

Ban ce masa duka ba ya aiki ba. Yana hana kare yin abu, da sauri ma. Sai dai ba ya gaya masa abin da zai yi a maimako, kuma karen da ya san kuskure na jawo zafi, daina gwadawa yake yi. Ajiye masa kwali ka gani, zai zauna ne ya zuba maka ido. Akwai kuma wanda ya fi wannan haɗari: karen da aka daka saboda gurnani zai iya daina gurnanin, amma abin da ke damunsa na nan, sai ya zama mai cizo ba gargaɗi.

Ƙanen nawa ya ce, "To, ma gani." Na ce Allah ya kai mu.

1 ga Maris

Birgima ta ƙi. Daga kwance yana bin hannu har ya karkata kan kafaɗa, da an zo juyawa ta baya sai ya zabura ya miƙe. Sai hamma, sai lasar hanci, sai kau da kai, alhali ba barci yake ji ba. Waɗannan alamun takura ne. Na gwada a kan shimfiɗa mai laushi ko daɓen ne ke damun ƙashin bayansa, ya ɗan fi, amma jikinsa a ɗaure yake. Buɗe ciki sama ba ƙaramin abu ba ne ga wasu karnukan. Na ajiye ta. Wasa ne, ba dole.

A madadinta na kama rusunawa. Duk lokacin da ya tashi daga barci yakan yi miƙa, ƙirji a ƙasa, ƙugu a sama. Ina ganin haka sai "yauwa". Ba abin da na koya masa, abin da yake yi da ma na fara biya.

14 ga Maris

An koma gidan jiya. In an kira shi sai ya yi kunnen uwar shegu, "zauna" sai ya gama shawara. Watansa takwas, ya shiga balaga. Lucy Asher ta Jami'ar Newcastle a Ingila da abokan aikinta sun wallafa bincike a 2020 kan 'yan karnukan da ake renonsu domin yi wa makafi jagora. Sun ga a wata takwas karnukan sun fi yin biris da umarnin mai renonsu fiye da yadda suke a wata biyar, amma ba haka suke yi wa baƙo ba. Na ga zahiri: ƙanena ya ce "zauna" sau ɗaya, Duna ya zauna. Dariyar da aka yi mini ba ta faɗuwa.

Ba sabon darasi sai hankalinsa ya dawo. Tsofaffin wasanni a wuri mai sauƙi, biya mai kyau, yawo mai yawa da doguwar igiya.

23 ga Maris

Wani sabon hali ya ɓullo: da an zauna cin abinci sai haushi. Na sa ido na gano tushen. 'Yata ƙarama ce ke jefa masa loma in ya yi, wai don ya yi shiru.

"Baba, ai in na ba shi yana dainawa."

Yana dainawa, na ɗan lokaci. Ta horar da shi tsaf, da dokar da nake amfani da ita, kuma lokacinta ya fi nawa daidai. Muka yi yarjejeniya: haushi ba ya kawo komai, ko kallo, ko "kai, yi shiru", domin tsawa ma kulawa ce. Na gargaɗe ta cewa abin zai ƙaru kafin ya ragu, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ya saba ana buɗe masa, in ya ji shiru ba tafiya zai fara yi ba, ƙara bugawa zai yi da ƙarfi. Haka kuwa aka yi, daren farko ba wanda ya ji daɗin abinci. Wanda ya karaya a wannan gaɓar ya jefa loma, ya koya wa kare cewa haushi mai ƙarfi ne ke biya.

Hana biya kaɗai bai isa ba, sai an ba shi aikin yi. Yanzu lokacin cin abinci wurinsa kan shimfiɗarsa ne, kuma ita ce ke tashi ta kai masa tukuici can in ya kwanta shiru. Ta riƙe aikin hannu bibbiyu.

2 ga Afrilu

Hankalinsa ya fara dawowa, mun shiga aikin kwando. Sarƙa ce mai gaɓoɓi: zuwa wurin abu, ɗauka, riƙewa, tahowa, kai baki saman kwando, saki. Daga ƙarshe na fara. Kwando tsakanin ƙafafuna, na miƙa masa abin wasa dab da bakin kwandon, ya kama, na ce "yauwa", ya buɗe baki don karɓar nama, abin ya faɗa ciki da kansa. Naman ma a cikin kwandon nake sakawa, domin kansa ya saba zuwa nan. Daga baya na jinkirta "yauwa" har sai abin ya faɗa. Sannan na ajiye abin a ƙasa kusa da kwando, sannan nesa kaɗan.

Amfanin farawa daga ƙarshe shi ne kullum yana tafiya daga sabon abu zuwa wanda ya riga ya sani, kuma biya na jiransa a wurin da ya saba. Kwandon mai faɗi ne, gajere. In ya saki a waje ba na cewa komai, sai in ɗauka mu sake daga kusa.

12 ga Afrilu

Da ƙwallo da zoben roba komai lafiya. Da aka zo kan igiyar wasansa mai ƙulli sai aiki ya rushe. Ya ɗauka, ya taho, saura taku biyu sai ya tsaya ya hau girgiza ta da kai, ya wurga sama, ya danne da dagi, ya manta da ni da naman.

Keller da Marian Breland, ɗaliban Skinner da suka mayar da horar da dabbobi sana'a, sun rubuta irin wannan a 1961. Sun koya wa alade ɗaukar tsabar kuɗi na katako ya kai asusu a biya shi da abinci. Ya iya sarai, amma da tafiya ta yi tafiya sai ya fara yar da tsabar a hanya yana turbuɗa ta da hanci, yana wurgawa, ko da hakan na jinkirta abincinsa. Rakun ɗinsu kuma, wata dabbar dajin Amurka, ya ƙi sakin tsabar, ya tsaya yana ta murza su da juna yadda yake yi wa abincinsa. Hali zanen dutse. Lada na gina ɗabi'a, amma ba a kan fili wofi yake gini ba. Girgizar da Duna ke yi ita ce wadda kare ke yi wa abin da ya farauto.

Ban yi faɗa da halin ba, haya na ɗauke shi. David Premack ya nuna tun 1959 cewa aikin da dabba ta fi son yi zai iya zama ladan wanda ba ta fi so ba. Saboda haka na cire igiyar daga kayan da ake kwashewa, na riƙe ta a baya. Ƙwallo ta faɗa kwando, "yauwa", igiya ta fito mu ja, ya girgiza son ransa na ɗan lokaci, in karɓa, a sake. Saurinsa ya ƙaru a fili. A wannan wasan igiya ta fi hanta daraja.

20 ga Afrilu

Aiki ya sha kaina, mun kwana biyu ba mu taɓa kwando ba. Da muka dawo ya fi yadda na bar shi. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Kofanhegan a Denmak, aka wallafa a 2011, kan karnuka 44 nau'in bigil, ya samu cewa waɗanda ake horarwa sau ɗaya ko biyu a mako sun fi waɗanda ake horarwa kullum saurin kama darasi in aka ƙirga yawan zama, kuma gajeren zama ɗaya ya fi uku a jere. Na mayar da sabon darasi kwana ɗaya bayan ɗaya.

3 ga Mayu

An sa wa aikin suna: "kwashe". Yanzu batun rage biya ne. Ya zuba na farko, na yi shiru na kalli na biyu. Ya tsaya yana jiran "yauwa", bai ji ba, ya leƙa kwandon ko abin bai shiga ba ne, sannan ya juya ya ɗauko na biyun. Nan na buɗe masa hannu sosai, nama ɗaya bayan ɗaya.

Ba a jere nake ƙarawa ba. Wani lokaci biya bayan biyu, wani lokaci bayan ɗaya, wani lokaci bayan uku. In kullum ƙaruwa yake yi, zai gane cewa aikin ƙara tsada yake, ya yi sanyi. Skinner ya nuna cewa aikin da ake biya jefi-jefi ba bisa tsari ba ya fi jure rashin biya fiye da wanda ake biya kowane karo. Sai dai ƙa'ida ɗaya ba ta sauyawa: duk lokacin da "yauwa" ta fita, biya na biye. Ana iya rage yawan faɗinta, ba a faɗinta a banza. Kuma ba ni da niyyar daina biya gaba ɗaya. Masu tambayar yaushe za a bar ba shi nama, na kan ce ai abincin da ma zai ci ne, wurin cin kawai aka sauya.

17 ga Mayu

Yana kwashe abu huɗu da umarni ɗaya a ɗaki. In an matsar da kwando wani lungu yakan nufi tsohon wurin tukuna, don haka yanzu kullum sai na sauya masa mazauni. Juyi ta hagu ya daidaita. Rusunawa ta samu suna. Birgima na nan a ajiye. Tsalle ta cikin zobe, wanda 'yata ke ta roƙo, likitan dabbobi ya ce a bari sai ƙasusuwansa sun gama ƙwari, ga kare mai girman jikinsa wajen wata 12 zuwa 18.

Abin da muka buɗe yanzu shi ne sunayen kayan. Rico, wani kare a Jamus da aka wallafa labarinsa a mujallar Science a 2004, ya san sunayen abubuwa kusan 200. Chaser ta John Pilley a Amurka ta kai 1,022. Dukansu nau'in boda koli ne, kuma irinsu ba su da yawa ko a cikin nau'in nasu. Ni biyu nake nema: "ƙwallo" da "zobe". Na zaɓi shuɗiyar ƙwallo da zobe ruwan ɗorawa, domin waɗannan launuka biyu ne idon kare ya fi rarrabewa, ja da kore kuwa rikita su yake yi. Siffarsu ma ta bambanta, ƙamshinsu haka.

Yana ɗauko daidai in ina wurin, amma ban yarda da wannan sakamakon ba tukuna. A birnin Balin na Jamus an taɓa yin doki mai suna Hans da aka ce ya iya lissafi, sai Oskar Pfungst ya nuna a 1907 cewa ɗan motsin kai da jikin mai tambaya yake karantawa, in mai tambayar bai san amsa ba dokin ma ba ya sani. Shi ya sa masu gwada Rico suka riƙa ajiye kayan a wani ɗaki daban, inda ba ya ganin mai shi lokacin zaɓe. Haka za mu yi mako mai zuwa: 'yata ta jera kayan a ɗaya ɗakin ba tare da na ga inda ta sa kowanne ba, ni in tsaya a nan in faɗi sunan, ita kuma ta fito kafin ya shiga.